Sodangi da Waifai Mai Ƙaho Huɗu

Sunan yanka na Sodangi Attahiru ne, amma in ka shiga Gangara kana cigiyar Attahiru, sai ka zagaye garin kaf ba ka samu mai nuna maka gidansa ba. Mahaifiyarsa, Inna Tani, ba ta kiran sunan saboda ɗan fari ne. Matarsa Maimunat ba ta kira saboda miji ne. Mutanen gari kuwa sun manta da shi tun yana yaro. Shi da kansa ya so ya koma Injiniya, domin shekarar da aka kafa dogon ƙarfen sabis a Sabon Birni shi ne mai kai wa ma'aikatan ruwa a baro, kuma a faɗarsa sun sha tsayar da aiki don su ji shawararsa. Wannan sunan ma bai kama ba.

Abin da ke ci masa rai shi ne takwara. Sa'o'insa kowa yana da yaron da aka sa wa sunansa, wani ma har an fara aiken takwaransa kasuwa, shi kuwa ko kaza ba a taɓa kira Attahiru ba. Don haka ranar da Lailatu, matar ƙanensa Jabir, ta haifi namiji, Sodangi ya fi uban murna, kuma murnar tasa da dalili.

Jabir yana can arewacin Nijar wurin haƙar zinariya, inda sai mutum ya hau mota zuwa wani tsauni kafin waya ta kama. Kafin ya tafi ya bar wa gida wani ɗan kwalin waifai, bai wuce sabulun wanka girma ba. Inna Tani ce ta gano cewa a duk gidan wuri ɗaya yake kamawa, wato bakin babban rumbun laka da ke tsakar gida. Sai ta sa shi a tsohuwar safa, ta sa aka rataye a can. Mata suna ganin Jabir duk ranar da ya hau tsauninsa. Da labarin haihuwa ya isa gare shi, ya ce ɗan fari ne, sunan daga bakinsa zai fito, zai kira da safiyar suna ya faɗa.

Maimunat ta ga abin ba wuya. Ta ce wa mijinta, "In ya kira, Inna ta ji sunan, a aiko muku garka. Shi ke nan."

Sodangi ya dube ta cikin tausayi. "Liman shina zaune, dattawa suna zaune, sannan suna shi hito daga madahi awa ƙosai? A'a. Za ni kawo waifai har garka. Jabir shi ga jama'a, jama'a su gan shi, shi kuma san wa yay yi aikin."

Wannan ƙarshen maganar shi ne gaskiyar lamarin. Gidan ba shiga ne, baƙon namiji iyakarsa zaure, ɗan kwalin kuwa ƙarfinsa ba ya wuce madafi, balle ya kai garka, wato ƙofar gida inda maza ke zama. Sodangi ya lissafa cewa duk wanda ya ga fuskarsa ta bayyana a gaban liman saboda ƙoƙarin yayansa, kunya ba za ta bar shi ya ambaci wani suna ba. Akwai kuma abokin takara. Halliru, yayan mai jego, ɗan kasuwa ne mai kai kaya Maraɗi, ya taho daga Tozai ya sauka a zauren gidan zai zauna har suna. Mutum ne mai ƙiba da sanyin magana, ba ya tashi daga tabarma sai da dalili.

"Na ji za ka jawo rezo waje," in ji Halliru. Rezo shi ne abin da mutanen ƙetaren iyaka ke kiran sabis.

"Nan Nijeriya ta, sabis muka cewa."

"Ko mi kuka ce mashi, ba shi nan."

Washegari Sodangi ya cire ɗan kwalin daga safa, ya hau babur ya nufi Burkusuma, inda ake samun kayan da suka tsallako iyaka. Ya dawo da wani akwati baƙi mai ƙaho huɗu a tsaye, ɗaure a bayan babur, ya ratsa da shi ta kasuwa ko da yake ba hanyarsa ba ce.

Inna Tani ta tare shi a tsakar gida. "Kai wanga, ina ɗan abin da Jabir ya bari?"

"Na yi musanya da shi, Inna. Wancan ɗiya na, wanga uban."

"Ɗiyan dai shina magana."

"Wanga wa'azi za shi yi."

Uban ya zo da halinsa. Ɗan kwalin yana da batir a cikinsa, wannan kuwa sai an ba shi wuta. Sodangi ya jawo waya daga batirin sola da ke ɗakinsa, ta ratsa tsakar gida, ta bi ta gaban murhun da ake dafa ruwan wankan jego, ta hau rumbu. Kafin azahar unguwarzoma ta yi tuntuɓe da ita ta zubar da ruwan zafi, wata baƙuwa mai barka ta shanya zanen goyo a kanta, akuya ta ɗanɗana ta kuma ta ji ta yi mata. Ya ɗaɗɗaure inda aka tauna da leda, ya sa sim, ya kunna. Fitilu suka yi kore. Wayar Maimunat ta kama, ta Lailatu ma ta kama har cikin ɗaki, abin da ɗan kwalin bai taɓa yi ba.

Da mai hankali ne, nan zai tsaya ya sha yabo. Sodangi ya fita garka ya tara mutane, ya ce kowa ya fito da wayarsa. Suka fito da su. Babu wadda ta kama, sai ta Halliru da ta nuna ɗan ɗigo guda idan ya jingina da bangon zaure, in ya yi numfashi kuma ya ɓace.

"Wa'azin mata na ke nan," in ji Halliru.

Sodangi ya ce ai bai saita shi ba tukuna. Ya shiga cikin saitin akwatin da wayarsa a gaban kowa, sai ga rubutu ya cika fuskar wayar, duk da Faransanci. Halliru ya miƙo hannu. Sodangi ya janye, ya ce ai shi ma ya sha zuwa Maraɗi. Ya danna wani wuri, ya sake danna wani, duk inda aka tambaye shi ya yarda, domin a ganinsa ƙin yarda rashin sani ne. Sai wani jan rubutu ya fito, da wani layi yana tafiya a hankali.

"Mi yac ce?" in ji wani dattijo.

"Gaisuwa ta. Ya gane hannun gwani." Ya tsaya kallon layin, ya ga tafiyarsa ba ta da sauri. "Wuta ta yi mashi kaɗan. Bari in canza mashi batir."

Ya shiga gida ya zare wayar wuta, ya dawo yana goge hannu. Halliru ya leƙa wayar da aka bari a kan tabarma, ya karanta a hankali kamar mai karanta wasiƙar ta'aziyya. "Cewa yay yi shina sabunta kanshi. Ko mi za a yi, kar a kashe shi."

"Ban kashe shi ba. Hutu nab ba shi."

Akwatin ya ɗauki hutun da gaske. Aka mayar da wuta, fitila ɗaya ta yi ja ta tsaya. Sodangi ya bayyana wa jama'a cewa ja alamar ƙarfi ce, shi ya sa manyan motoci ke da ita a baya. Daga cikin gida aka jiyo muryar Inna tana tambayar wanda ya kashe mata Jabir. Ya sauko da akwatin, ya hura shi, ya shanya shi a rana, ya ɗan mare shi a gefe. Can ya hango wani ɗan rami a bayansa, ya tabbatar wa kansa cewa kiyashi ne ya shiga ya toshe hanya. Ya karyo tsinken tsintsiya ya zura, ya danna ya riƙe, yana jiran kiyashin ya fito. Kiyashi bai fito ba, amma fitilun suka ɗauke gaba ɗaya, suka dawo ɗaya bayan ɗaya, kore shar. Sodangi bai san abin da ya yi ba, sai dai kafin la'asar duk Gangara ta ji cewa ya yi wa akwatin tiyata.

Saura garka. Ya zauna a gindin rumbu yana nazari, kuma nazarin Sodangi abin tsoro ne. Ya ga cewa sabis na fitowa daga akwatin, ya nufi waje, ya ci karo da bangon madafi, wanda ya tsira ya ci karo da bangon zaure. To iska ma in ta samu bango ai tsayawa take, shi ya sa ake yin taga. Ya ɗauko diga.

Ramin farko ya fasa shi a bangon madafi, daidai inda Inna ke jera tukwanen miya. Na biyu a bangon zaure. Ya ja igiya daga rumbu don ya tabbatar sun daidaita, kuma a nan kam aikinsa ya yi kyau ƙwarai, domin Halliru na kishingiɗe a zaure ya ɗaga kai sai ga shi ido da ido da wata mai barka tana gyara ɗaurin zane a tsakar gida. Matar ta yi salati ta faɗa ɗaki. Mazan da ke zaure duk suka sunkuyar da kai, aka rasa mai ɗagowa, wani tsoho ma ya fita da baya.

Inna Tani ta fito da muciya a hannu. "Tun ubanka na da rai ba a taɓa ganin cikin gidan ga daga garka ba. Kai ka buɗe shi da diga?"

"Inna, hanyar sabis ta."

"Sabis ɗin ido gare shi?"

Ta sa aka rataya tabarma a kan ramin. Sodangi ya ce tabarma na tare sabis. Ta ce in ya taɓa tabarmar zai san ita ta haife shi. Suka daidaita a kan tsohon gidan sauro, wanda bai tare ido ba sosai, bai kuma kawo sabis ba ko kaɗan. Abin da ramukan suka kawo zaure shi ne hayaƙin madafi, da kaji, da duk maganar da mata ke yi. A ranar Halliru ya ji ra'ayin dangin mijin ƙanwarsa game da tumbinsa.

Ana jibi suna, Sodangi ya gano cewa sabis ɗin watsewa yake ta ko'ina, rabi yana tafiya gidan maƙwabta, rabi yana bin bayan gida inda babu kowa sai jaki. Dole a tattaro shi a turo shi gaba. Ya tuna farantan da ya gani a jikin dogon ƙarfen Sabon Birni. Da mata suka tashi haɗa kayan sanwar suna, sai aka nemi murafan manyan tukwane aka rasa, aka nemi babbar tasar kwaɓa fura aka rasa, har da sabon tire na kayan ɗakin Lailatu. Maimunat ta ɗaga kai, ta gan su jere a saman rumbu a bayan akwatin, an huda kowanne an ɗaure da waya, suna walƙiya a rana.

"Malam, da mi za mu ruhe shinkahwa?"

"Ku ruhe da haƙuri. Bayan suna za ni maido."

"Da huda?"

"Tukunya ma tana son iska."

Farantan suka yi aiki, amma ba wanda aka sa su ba. Da rana ta take, hasken da tasar fura ke maidowa ya bi ta ramin madafi, ya ratsa gidan sauro, ya sauka a fuskar Halliru yana barcin rana. Ya matsa, hasken ya bi shi. Ya tashi zaune yana murza ido ya ce, "To, yau kam wani abu ya iso garka."

Jama'ar zaure suka yi dariya har da masu riƙe ciki, kuma dariyar ta shiga Sodangi har ƙashi. Ya ji kamar sunan ne ake zare masa daga hannu ana miƙa wa wannan mai tumbin da bai ɗaga ko tsinke ba. Ana gobe suna ya yanke shawara ta ƙarshe. Dogon ƙarfen Sabon Birni me ya fi shi da shi? Tsawo ne kawai. Ya samo gora biyu ya haɗa, ya ɗaure akwatin a ƙarshe da farantansa, ya cire hular ciyawar da ke rufe bakin rumbu, ya kafa gorar a gefen bakin, ya ɗaure da igiyar guga. Abin ya tashi sama har ana hango shi daga hanyar garin Isa. Masu wucewa a babur suka riƙa rage gudu.

Da akwatin ya hau sama, fitilar sabis ta koma ja, kuma wannan karon har wayoyin mata suka mutu. Dalilin ba ɓoyayye ba ne ga duk wanda ya zauna bakin iyaka. A ƙasa, bangon gida da itacen darbejiya suna kare shi daga arewa, sai ya ji ƙarfen Sabon Birni kaɗai. A sama kuwa ya leƙa Nijar, sabis ɗin can ya fi ƙarfi ya rufe shi, sim ɗin da ke cikinsa kuma na Nijeriya ne, bai san kowa a can ba. Halliru ya faɗi haka daga kan tabarmarsa. Da wani ne ya faɗa, da wataƙila Sodangi ya saurara.

"Sabon wuri na, sai ya saba," in ji shi. "Gobe da sahe za ku gani."

Safiyar suna garka ta cika tun bayan sallar asuba. An shimfiɗa tabarmi, ga goro da dabino a faifai, ga rago ɗaure yana kallon mahauci, ga wanzami da zabirarsa, ga sanƙira yana gyara murya. Baba Malami, ƙanen mahaifinsu Sodangi kuma babban gidan, ya zauna kusa da liman. Sodangi ya fito cikin babbar riga, ya jingina wayarsa a kan turmi da aka kife a gaban liman, ya yi jawabi. Ya ce yau Gangara za ta ga abin da ko Sakkwato sai gidan wane da wane. Ya ce mutum yana tsakiyar sahara zai zauna da su kamar gwiwa da gwiwa. Ya ce ba ya son yabo, amma in an ga dama a tuna da wanda ya sha rana.

Aka zuba wa wayar ido. Liman ya ja carbi. Rago ya yi fitsari. Wayar ta nuna fuskar liman a baƙin gilashinta, ba ta nuna komai bayan haka ba.

"Iska ta juya shi," in ji Sodangi. "Yanzun nan."

Ya shige gida da gudu, ya kafa tsani, ya hau rumbu da babbar rigarsa. Ya tsaya a kan bakin, ƙafa ɗaya nan ɗaya can, ya rungumi gora yana juyawa. Da yake babu namijin da zai iya shigowa, sai aikin ya koma ta ramuka. Sodangi ya yi tambaya daga sama, Maimunat ta karɓa a ramin madafi, Halliru ya amsa daga ramin zaure.

"Ya kama?"

"Wai ya kama?"

"Ce mashi a'a."

"An ce a'a."

"Yanzu hwa?"

"Ce mashi liman na da wani sunan a ƙetaren gulbi."

Sodangi ya juya gabas, ya juya kudu. Farantan suka yi ta kaɗawa suna ƙara, tattabarun gidan suka watse. Mata 'yan suna suka bar tukwane suka kewaye rumbu, kowacce da shawararta. Wata ta ce ya tofa masa addu'a, wata ta ce a gidan 'yarta a Isa a kan firji ake ajiyewa. Ya ɗaga gorar don ya ƙara mata tsawo, igiyar guga ta kwance, nauyin farantan ya rinjaye shi baya. Ya nemi inda zai sa ƙafa, ya sa ta a inda hular rumbu take a da. Gora ta karye, murafai suka tarwatse a tsakar gida, Sodangi da akwatinsa suka shige rumbu, wayar wuta ta bi su kamar wutsiya.

Lokacin ƙarshen rani ne, gero ya yi ƙasa sosai. Rumbun Gobir kuwa ciki gare shi kamar tulu, faɗi a tsakiya, ƙunci a baki, bango sumul. Ya faɗa kan sauran damman gero, bai ji ciwo ba sai ƙaiƙayi da ya shiga rigarsa ta ko'ina. Ya yi tsalle bai kai ba. Ya yi kira, muryarsa ta fito da kauri har wata yarinya ta fashe da kuka.

Inna Tani ta matso ta ƙwanƙwasa cikin rumbun. "Kana da rai?"

"Lahiya lau, Inna. Ina duba wani abu na."

"To duba da kyau."

A garka rana ta fara zafi. Liman ya dubi Baba Malami, Baba Malami ya dubi wayar da ke kan turmi, wadda kaza ta fara sha'awa. Labari ya iso ta rami cewa Injiniya yana cikin rumbu, lafiyarsa ƙalau, amma fitowarsa sai an shirya. Liman ya ce ba ya son gaggawa, sai dai wani jinjirin na jiransa, kuma bai kyautu mutane su watse yaro ba shi da suna ba. In uba ba ya nan, babban gida shi ne uba.

Baba Malami ya shafa gemu. Ya duba hagu, ya duba dama, idonsa ya sauka kan Halliru, wanda ke zaune inda ya zauna tun ranar da ya zo. Ya matsa ya raɗa wa liman. Aka yi addu'a, aka shafa, mahauci ya kwantar da rago.

Sodangi yana cikin duhu yana susa, sai ya ji muryar sanƙira ta taso daga garka, ta bi ta ramin zaure, ta bi ta ramin madafi, ta faɗo masa har cikin rumbu, tsaf, babu yankewa ko kaɗan.

"Sunan yaro Halliru. Allah shi raya Halliru."

Mata suka rangaɗa guɗa a kansa. Ya zauna a kan gero, akwatin a cinyarsa, ya ji ƙaiƙayin ma ya daina damunsa.

Bayan an raba goro, Baba Malami ya aika cewa mata su yi lulluɓi, maza za su shigo ciro mutum. Abin da ba a taɓa yi ba a gidan sai ga shi an yi, kuma ba majiya ƙarfi kaɗai suka shigo ba, duk wanda ya zo suna ya ga cewa taimakonsa ake bukata. Aka zura igiya ya ɗaura a ƙugu, samari suka hau suka ja. Ya ƙi sakin akwatin, ya ɗaga shi sama da hannu biyu don ya fara fita. Akwati ya fito, hannaye suka fito, kai ya fito fari fat da ƙurar gero. Da aka zo ƙugu, babbar riga da ƙullin igiya suka cushe a bakin rumbu. Aka ja, ya ce za a raba shi biyu. Aka tura, ya ƙi komawa. Ya tsaya nan rabi a waje, hannu a sama, akwatin kuma ya samu daidai tsayin da yake kamawa tun farko.

Fitilu suka yi kore. Wayar Maimunat ta fara ruri a cikin zanenta.

"Jabir na," in ji ta.

"Kar wanda ya taɓa shi," in ji Inna Tani, tana nuna Sodangi. "Kai kuma ko ƙuda ya sauka maka, kar ka motsa."

Samarin suka saki igiya. Aka miƙa wa Baba Malami wayar, jama'a suka taru a bayansa. Ga Jabir, ya yi baƙi ya rame, rawani a kansa, iska na kaɗa shi a kan tsauninsa. Ya ce tun hantsi yake kira ba ya samu. Ya gaida Baba, ya gaida Inna, ya tambayi mai jego. Sannan ya ce, "Ina Yaya Sodangi?"

Baba Malami ya juya wayar sama. Jabir ya daɗe yana kallo.

"Yaya, mi kaka yi can?"

"Aiki," in ji Sodangi.

"Sannu. To ka sauko ka ɗauki takwaranka. Baba, a sa mashi Attahiru. Tun ran da nit tahi na ce ma raina in namiji na, sunan Yaya za shi ci. Shi yar riƙe ni bayan rasuwar mahaihinmu. Na ɓoye don in hwaɗa mashi gaban jama'a."

Ana jin mahauci na wasa wuƙa a waje. Sodangi ya buɗe baki, ƙurar gero ta shiga, ya rufe. Ashe tun kafin ya hau babur zuwa Burkusuma sunan nasa ne, yana rataye a cikin safa yana jiran safiya.

Baba Malami ya yi gyaran murya. Ya ce sun jira har rana ta yi zafi, liman ya raɗa, an yanka rago, sanƙira ya shelanta, goro ya shiga gari. Ya faɗi sunan. Sodangi ya zuba wa wayar ido daga sama, yana fatan ƙanensa zai ce a sake. Jabir ya sunkuyar da kai, ya ɗago.

"Abin da Baba yay yanke ya yanku. Allah shi raya Halliru. Yaya, ka yi haƙuri, in Allah ya kawo wani."

"In mace ta hwa?" in ji Sodangi, da wata 'yar murya da ba a san shi da ita ba.

A lokacin ne aka ga abin mamaki na biyu a ranar, wato Halliru yana tafiya da sauri. Ya shiga ɗakin ƙanwarsa, ya fito rungume da jinjiri cikin farin zane, ya tsaya a gindin rumbu, ya karɓi wayar. Hoton ya fara tsayawa yana motsi, don hannayen Sodangi sun gaji sun soma sauka.

Halliru ya ɗaga kai ya dube shi, cikin ladabi ƙwarai. "Injiniya, ɗaga sama kaɗan. Takwarana za shi gaida ubanshi."

Sodangi ya ɗaga.